Tagogi Uku a Bangon Kudu

Tierval, watan Mayu, 1231

Zuwa ga yayata Garsenda, matar Bertran magini, a Valmaura.

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da Maigida Bertran da 'yarku Alazais. Ni lafiyata ƙalau, in ban da tarin da ƙurar dutse take sa wa kowa a nan. Na san shekara shida ke nan ban aiko ko layi ɗaya ba, na kuma san abin da za ki ce, don haka ki faɗa ki huce kafin ki ci gaba da karatu. Wani mai fataucin ulu ne zai bi ta wajenku, shi na ba wannan takarda.

Bayan haka, Yaya, ƙanenki dai bai lalace ba. An karɓe ni a rumfa, wato ƙungiyar maginan babban cocin da ake ginawa a nan, a ƙarƙashin Maigida Gautier. Na yi rantsuwa, an ba ni lambata da nake sarawa a jikin duk dutsen da na sassaƙa.

Kin tuna yadda Baba yakan zaunar da mu a kangon Rumawa na bayan gari, wurin ginshiƙai shidan nan da awaki suke fakewa, yana ba mu labarin gini? Yakan ce Girkawa abu ɗaya suka iya, su tsai da ginshiƙi biyu su ɗora dutse a kwance a kai, amma sun iya shi har ba mai ƙara musu. Rumawa suka zo suka lanƙwasa dutse ya zama baka mai zagaye, suka yi gadoji da shi. Mutanen Kustantiniyya suka kifa ƙubba a sama, suka lulluɓe cikinta da 'yan tsakuwar zinariya. Sai kakanninmu, da suka ja bakan Rumawa ya zama rufin dutse tun daga ƙofa har bagadi, suka yi masa bango mai kaurin kamu huɗu, da 'yan tagogin da ko kyanwa sai ta matse kafin ta wuce. Baba yakan ce daga nan gini ya ƙare, ba sauran abin da za a ƙaro. To, Allah ya ji ƙansa, bai zo Tierval ba.

A nan bakan tsini gare shi a sama. Rufin ya yi tsawon na cocinmu sau uku, in kin ɗaga kai sai jiri ya ɗebe ki. Mutanen da ake sassaƙawa a bakin ƙofa murmushi suke yi, suna karkata kai kamar za su tambaye ki gida, ba irin namu masu zare ido da suka hana ni barci ina yaro ba. Amma duk wannan ba komai ba ne a kan haske. Tagogi ne tun daga inda hannu yake kaiwa har rufi, gilashi ja da shuɗi, da hantsi sai ki ga hannunki ya rine. Bango a nan ba ya ɗaukar komai, Yaya, labule ne kawai.

Na zana miki taga ɗaya a bayan takardar nan. Ki nuna wa Maigida Bertran, shi da ya ce mini ranar da zan tafi wai mutanen arewa da tsinken tsintsiya suke gini. Ki ce masa tsinken yana nan tsaye.

Ƙanenki,
Aimeric

*

Valmaura, watan Agusta

Zuwa ga Aimeric, wanda ya tuna yana da 'yar'uwa.

Na ga takardarka, na yi kuka, na zage ka, na sake yin kuka. Muna lafiya. Alazais ta yi aure bara, ɗan mai gidan niƙa ta aura, yanzu haka tana da ciki, ana sa ran haihuwa wajen Ista. Yayanka Bertran gwiwa ce take damunsa in zai hau tsani, amma kar ka sake ka ce na faɗa.

Yanzu ka saurara ka ji abin da bakina ya jawo. Ranar da takardar ta iso, Fada Odilon, shugaban 'yan zuhudun nan, yana gidanmu a kan maganar yoyon rufin coci. Ka san Bertran zane yake karantawa, ba rubutu ba, ni ce idonsa tun da mata 'yan zuhudu suka koya mini baƙi. Ni kuwa don in ɗan ja shi, sai na buɗe na karanta a gabansu, har da maganar tsinken tsintsiya, ina ƙyalƙyala dariya. Ni kaɗai na yi dariyar.

Fada ya karɓi zanen ya daɗe yana kallo. Ya ce shekara ashirin yana karanta littafi da kyandir da rana tsaka a cocin nan, idonsa ya kusa ƙarewa. Sai ya ce ba komai, zai aika arewa a nemo magini mai jini a jika, tun da a bayyane take irin wannan aiki ba na tsofaffin hannu ba ne. Da ka ga fuskar yayanka. Ya ajiye cokali ya ce, "Fada, yaron da ya zana wannan ni na koya masa riƙon guduma."

Tun daga ranar ba mu sake zama lafiya ba. Bertran ya kafa zanen a bangon rumfa, yana aunawa da tsinke da igiya. Ya ce ya gane sirrin, duk a tsinin bakan yake, kuma in bangon mutanen arewa mai kaurin tafin hannu bai ɗauki komai ba, to namu mai kamu huɗu ai sai ya ɗauki rufi ko da an huda shi. An sare itatuwa, an shigar da su coci, an tokare rufin dutsen daga ciki tun daga ƙofa har bagadi. Ibada ta koma ƙaramin ɗakin 'yan zuhudu. Makon jiya aka fara fasa bangon kudu. Tagogi uku zai yi, kowace tsawon mutum huɗu.

Garin duk an ɗauki zumuɗi, har masu kawo gawayi daga daji suna tsayawa leƙe. Ni ma na yi murna, don rabona da in ga Bertran yana fito a kan hanyar aiki tun kana nan. Sai dai ranar da aka zare dutsen farko ina tsaye da kwanon abincinsa, na ji wani ƙara daga can cikin bangon, ba mai ƙarfi ba, kamar an taka busasshen kara. Ba wanda ya ɗaga kai sai ni da shi, kuma bai yarda mun haɗa ido ba.

Ka rubuto ka ce mini haka ake yi a wajenku, hankalina ya kwanta.

Yayarka,
Garsenda

*

Tierval, watan Oktoba

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri, Allah ya sauki Alazais lafiya. Ina nan ƙalau, sanyi ya fara, mun soma rufe saman bango da ciyawa kada ƙanƙara ta ɓata kwaɓin.

Takardarki ta hana ni sukuni. Ban aiko zanen nan don a gina shi ba, alfahari ne kawai na ƙane, kuma na yi da-na-sani.

Ki fahimce ni da kyau. Ranar da aka karɓe ni, na ɗora hannu a kan Littafi na rantse ba zan bayyana wa wanda ba ɗan rumfarmu ba yadda ake tsai da ginin nan, da baki ko da zane. Abin da kowane mai wucewa yake gani daga ciki, wannan zan iya faɗa. Sauran kuwa, wanda ya fitar da shi ana kankare lambarsa daga duwatsu, a aika sunansa duk rumfunan arewa, ba mai sake ba shi ko tsakuwa ya fasa. Maigida Bertran ya san wannan, don irin rantsuwar da ya yi wa Baba ke nan.

Saboda haka ga iyakar abin da zan iya cewa, ki karanta masa daidai yadda na rubuta. Wanda yake son ya san cocinmu, to ya zagaya bayansa ya gani, cikinsa ba zai gaya masa komai ba. Ya kuma je gadar Rumawa ta kan hanyar gidan niƙa, ya dubi abin da yake zaune a kowane gefe na bakan. Kada ya yi gaggawa. Tokaren nan su zauna inda suke har in samu dama in zo da bazara.

Na san zai ji haushi. Ki lallashe shi, ke kika san kansa.

Aimeric

*

Valmaura, mako biyu kafin Kirsimeti

Aimeric,

Muna lafiya a jiki. Ban da haka ba ni da labari mai daɗi.

Wata biyu na jira, sai ga ka da kacici-kacici. Na karanta masa kamar yadda ka ce, ban rage ban ƙara ba. Da na zo wurin zagaya bayan coci, ya ce wato sai ya taka har Tierval da wannan gwiwa ya ɗauki karatu a wurin almajirinsa. Da na zo wurin gada, ya ce shi ya gyara gadar nan kana cikin zani. Da na zo wurin kada ya yi gaggawa, sai ya tashi ya ɗauki hularsa. Ya ce, "Ki gaya masa tsohon ya gode, zai bi a hankali kada ya faɗi." Kai ka rubuta gargaɗi, shi kuma raini ya ji, kuma ban ga laifinsa sosai ba, don takardarka ta farko ce ta koya masa yadda zai ji ta biyu.

An gama tagogin. Ba zan yi maka ƙarya ba, suna da kyau. Ba a sa gilashi ba tukuna, amma da safe haske yakan zubo ta tsakanin katakai har kan tsohon zanen Almasihu na saman bagadi, wanda tun muna yara idanunsa kawai muke gani. Ashe rigarsa kore ce. Fada Odilon ya durƙusa ya yi kuka.

Ga abin da ni nake gani, tun da ni ke kai abinci. Ƙofar kudu ba ta rufuwa, sau biyu kafinta yana rage mata baki. Kullum akan share ƙasa, kafin azahar wani farin gari ya sake zuba a layi ɗaya, daidai tsakiyar rufi. Akwai tsaga a can sama, Bertran ya shafe ta da farar ƙasa, kwana uku shafen ya rabe. Ya sake shafawa, ya sake rabewa. Shekaranjiya na zagayo ta waje na same shi shi kaɗai ya sako igiya mai dalma daga saman bango. Dalmar ba ta taɓa gindin bangon ba, akwai yatsa uku tsakani. Da ya gan ni sai ya naɗe igiyar ya tambaye ni ko miyar wake ce yau ma.

Fada ya sa rana. Alhamis ta farkon azuminmu na kwana arba'in za a cire tokare, don a samu a yi shafe a sa gilashi kafin Ista, ya riga ya gayyaci ƙauyuka bakwai. Kai ɗan magini ne, ka san abin da ranar take nufi a wajenmu. Wanda ya yi aikin shi yake tsayawa a ƙarƙashin rufinsa lokacin da ake zare katakai, har a gama addu'ar Ubanmu. Baba ya tsaya sau goma sha ɗaya, Bertran sau bakwai, kowane karo ina bakin ƙofa, ban taɓa jin tsoro irin na bana ba.

Ba na son labarin gada. Ba ruwana da rantsuwarka, ban san Gautier ba, mijina na sani. Tambaya ɗaya ce: rufin nan zai tsaya ko ba zai tsaya ba? Ka ba ni amsa da kalma ɗaya.

Garsenda

*

Tierval, watan Janairu

Yaya,

Ba zai tsaya ba.

Ina lafiya, ki bar wannan. Yau takardarki ta zo, yau nake mayar da amsa. Wani ɗan zuhudu mai tafiya kudu zai ɗauka, na roƙe shi don Allah kada ya tsaya ko'ina.

Ki karanta wannan sau biyu har ki iya faɗarsa da ka. Rufin cocinmu na gida kamar buhun hatsi ne da aka ɗora a bakin kwando, yana danna ƙasa, yana kuma buɗa gefe. Yana tura bangon waje a duk tsawonsa, kowane kamu, dare da rana. Abin da ya riƙe shi shekara ɗari ba komai ba ne sai nauyin bangon nan. Shi ya sa kakanni suka bar tagogi ƙanana, ba don ba sa son haske ba. Duk dutsen da aka zare, an rage abin da yake riƙe da rufin.

Namu na nan dabam yake tun daga tushe. Rufin siriri ne, an ɗora shi a kan haƙarƙarin dutse da suke tattara nauyin su kai shi kan ginshiƙai kaɗai. A daidai kowane ginshiƙi, ta waje, akwai rabin baka na dutse da ya taso daga wani ƙaton dogari, wato ginshiƙin tokare na dutse, can nesa da bango, ya zo ya sa wa ginin kafaɗa. Su suke ɗauke da komai. Daga ciki ba a ganinsu, shi ya sa na ce bango ba ya ɗaukar komai, kuma gaskiya na faɗa, amma rabinta. Tsinin baka yana taimakawa, sai dai shi kaɗai ba zai ceci rufi irin namu ba.

Na zana su duka da awonsu a wata takarda dabam, na naɗe na rufe da kakin zuma. Ta Maigida Bertran ce, kallo ɗaya zai yi mata ya gane. Kada a taɓa tokare ko ɗaya. A toshe tagogin da dutse, a fara da ta tsakiya. In Fada ya nace sai haske, to sai an gina dogarai uku a waje, aikin shekara biyu ne.

Ki ce masa ba raini ba ne. Duk abin da na iya a nan, a kan abin da ya koya mini na ɗora. Na yi wauta sau biyu, da na yi magana don a yaba mini, da kuma na yi shiru don in tsira da lambata. Ki yafe mini.

Aimeric

*

Valmaura, farkon Fabrairu

Aimeric,

Shiru har yanzu. An ce dusar ƙanƙara ta rufe hanyar tsauni, ina ta gaya wa kaina shi ya sa. In kuwa rantsuwarka ce ta fi maka mu, gara ka faɗa.

Muna nan. Alazais ƙafa ta kumbura, amma tana cin abinci. Yatsa ukun nan na tsakanin dalma da bango sun zama biyar. Ɗaya daga cikin manyan katakan tokare ya tsage a tsaye, an ɗaure shi da ƙarfe. Bertran ya je wurin Fada ya nemi a ɗaga ranar, Fada ya ce in tsoro yake ji ya faɗa, akwai wani magini a kwari da zai zo ya zare katakan a yini ɗaya. Bertran ya dawo gida. Yanzu igiyoyi yake ta murɗawa, dogaye, ban san na mene ne ba.

Saura kwana ashirin.

Garsenda

*

Masaukin masu ziyara na kan tsauni, tsakiyar Fabrairu

Yaya,

Ina hanya. Kwana biyu bayan na aiko miki zanen, na je na gaya wa Maigida Gautier da bakina, don ban iya ci gaba da cin abinci a rumfarsa ina ɓoye masa ba. Bai yi faɗa ba. Ya tara mutane, aka bi duwatsuna ɗaya bayan ɗaya aka kankare lambar, aka karɓi kayan aikina. Wannan ya wuce, kada ki sa shi a ranki, ba abin da ya rage da za a kare.

Na iso nan da ƙyar, sanyi ya cinye mini yatsun ƙafa biyu, masu masaukin sun hana ni tashi sai kumburin ya saɓe. Sun ce ɗan zuhudun da na ba takardar ya kwana tara a nan kafin ya samu wucewa. Ina ta lissafin kwanaki, ina ganin zai iso kafin Alhamis ɗin. Wani makiyayi ɗan wurin nan zai gangaro da wannan in iska ta lafa.

Ki riƙe shi ko da za ki kwanta a bakin ƙofar cocin ne. Ina zuwa mu toshe tagogin tare.

Aimeric

*

Valmaura, Asabar ta farkon azumi

Aimeric, ƙanena,

Makiyayin ya iso jiya da yamma, zai koma gobe, shi zai kawo maka wannan. Ka zauna kafin ka karanta. Ni da Alazais muna nan da rai. Bertran ya rasu shekaranjiya.

Ɗan zuhudunka ya iso ranar Alhamis ɗin da hantsi, Bertran yana ɗaura takalmi. Na karanta tawa a tsaye, na miƙa masa naɗaɗɗiyar. Ya juya ta a hannu, ya ga kakin, ya tambaye ni mece ce. Da na faɗa masa sai ya ajiye ta a kan tebur kamar ta ƙona shi. Ya ce in mayar maka da ita a rufe yadda ta zo, don ka iya rantsewa a gaban maigidanka cewa ba maginin da ya gani. Ya ce, "Ba zan ci amanar rumfar wani ba, kuma ba zan kashe wa yaron nan sana'a don in rufa wa kaina asiri ba." Lokacin ban san an riga an kore ka ba. Da takardarka ta kan tsauni ta riga ta iso, da na sami abin ce masa.

Na ce to ni ban yi wa kowa rantsuwa ba. Na tsaya a bakin ƙofa na faɗa masa duka da ka, buhun hatsi, haƙarƙari, rabin baka, dogarai. Na ɗauka zai toshe kunne, amma bai yi ba. Ya saurara har na gama, yana zana wani abu da yatsa a kan gwiwarsa. Sai ya yi 'yar dariya ya ce, "Ta waje. Ashe ta waje suke riƙe shi. Kai, yaron nan ya ga abu."

Na ce to a toshe tagogin. Ya ce bangon ya riga ya tafi, katakan ma ba za su kai Ista ba, kuma in ya ƙi yau, jibi Fada zai kawo maginin nan na kwari, ya shiga da mutum ashirin su zare su da hannu. Na ce to ya tsaya a waje tare da kowa. Ya ce ba a taɓa yi ba. Na riƙe rigarsa, na ce masa abubuwan da ba zan rubuta ba. Ya cire hannuna a hankali ya ce in ɗora masa miya, zai dawo da yunwa.

A nan na gane amfanin igiyoyin. Ya ɗaura kowace a gindin tokare, ya fito da bakinta ta ƙofar yamma har tsakiyar fili, ya ce ba wanda zai shiga, daga waje za a ja. Shi kaɗai ya shiga, da babbar gudumarsa, abin da ba a saba ba. Aka ja, katakai suka zube ɗaya bayan ɗaya, ƙura ta tashi ta kwanta. Fada ya ja addu'ar Ubanmu, muka bi har ƙarshe.

Rufin ya tsaya, Aimeric. Na rantse maka ya tsaya. Ina hango Bertran ta ƙofa a tsaye cikin hasken tagoginsa, mutane suka ɓarke da murna, Fada ya ɗaga hannu yana cewa a shiga a yi godiya. Zuciyata ta ce ka yi kuskure, ban taɓa son kuskuren wani kamar haka ba. Jama'a suka nufi ƙofa, Alazais tana cikinsu da cikinta.

Sai ya daka mana tsawa, ya ce duk wanda ya taka dokin ƙofa bai yafe ba. Aka tsaya cik. Ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon tsagar. Na san abin da yake aunawa, don ni ma shi nake aunawa: rufin da ya tsaya yau zai iya kaiwa mako shida, ya faɗo ranar Ista da ƙauyuka bakwai za su cika wurin. Ya taka zuwa guntun bangon da ya rage tsakanin taga ta ɗaya da ta tsakiya, ya dafa shi, ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Fada, in na gari ne, guduma ba za ta yi masa komai ba."

Ya buga sau ɗaya, ba abin da ya faru. Ya buga na biyu, farin garin nan ya zubo masa a ka. Ya juyo ya dube ni. Sannan ya buga na uku.

Ba wanda ya ji ko ƙwarzane a waje. Da ƙurar ta lafa, rabin rufin da duk bangon kudu suna ƙasa. Fada Odilon ya zauna a cikin taɓo, har yanzu bai iya haɗa ido da ni ba, ni ma ban neme shi ba.

Na yi kwana biyu ina neman wanda zan ɗora wa, kai da alfaharinka, ni da dariyata, Fada da idonsa, shi da taurin kansa. Kowa na ɗauka sai in ga bai isa shi kaɗai ba. Abin da na sani shi ne, ba don maganarka da na faɗa masa a bakin ƙofa ba, da ya fito ya sha miyarsa, da kuma ranar Ista mun binne rabin ƙasar nan har da 'yarsa. Ban san ko godiya zan yi maka ba, kada ka tambaye ni yanzu.

Ba mu fito da shi ba tukuna. Sauran rufin yana rataye a kan bangon arewa, duk dutsen da aka taɓa sai wani ya motsa a sama, mutanensa sun gwada sau biyu sun ja da baya. Babu wanda ya rage a garin nan da ya san wanne za a fara ɗagawa. In ƙafar ba ta takuwa, ka nemi alfadari. Ka yi sauri, yana can a cikin sanyi.

Yayarka,
Garsenda